Tsakar Gida A Farkon Damina: Ni'imar Da Muke Binnewa Da Siminti

Wannan fili ya saba da batutuwan siyasa da tsadar rayuwa da halin da makarantunmu suke ciki. Yau ina so mu ɗan ajiye waɗannan, mu shiga cikin gida, mu shimfiɗa tabarma, mu dubi abin da ruwan farko ya yi wa 'yan bishiyoyi da furannin da suka rage mana. Na san wani zai ce wannan zancen masu ƙoshi ne. Ina roƙon ya yi haƙuri da ni zuwa ƙarshen rubutun, domin a cikin wannan ɗan batu akwai lafiyar iyali, akwai tarbiyyar yara, akwai kuma makomar garuruwanmu.

Bahaushe ya san shekararsa sarai: hunturu da rani, sai bazara, sai damina, sai kaka. A cikinsu duka babu lokacin da ya kai 'yan makonnin da ke tsakanin ƙarshen bazara da zaman damina ban sha'awa ga mai lura da tsirrai. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, sanyi ne ke kwantar da lambu, ɗumin rana ya tashe shi, shi ya sa watannin Mayu da Yuni suka zama lokacin alfaharin masu lambu a can. Mu a nan ƙishirwa ce ke kwantar da shi, ruwa ya tashe shi, kuma cikin ikon Allah sai lokacin ya zo kusan ɗaya. Ruwa kan fara sauka a Kaduna da Zariya tun ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya iso Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sannan ya ƙarasa Maraɗi da Damagaram. Kafin ya iso kuwa, 'yar aikensa ta riga shi, wato shamuwa, wadda ke tasowa daga gabashi da kudancin Afirka ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiya da kukar gari. Da manomi ya gan ta, ya san lokacin sharar gona ya yi.

Abin da ke fara yi wa mutum maraba bayan ruwan farko shi ne ƙamshin ƙasa. Masana sun gano cewa wani ɓangarensa yana fitowa ne daga maiƙon da tsirrai ke fitarwa, wanda busasshiyar ƙasa ke tsotsewa ta ajiye tsawon rani, wani ɓangaren kuma daga wani sinadari da ake kira jiyosmin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani suke samarwa a cikin ƙasa. Ɗigon ruwa na faɗowa sai ya tayar da su cikin iska. A shekarar 1964 ne wasu masana biyu 'yan Ostareliya, Isabel Bear da Richard Thomas, suka wallafa bincikensu a kan wannan ƙamshi har suka laƙaba masa suna. Mu dai mun san shi tun kafin nan, ɗan'uwansa ne muke ji a ruwan sabon tulu. Sai dai mai karatu ya riƙe wannan a ransa: ƙasa ce ke ba da shi.

Bayan kwana biyu ko uku, sai gida ya fara sauya kama. Ganyen da ƙurar hunturu da ta bazara suka mayar ruwan toka ya wanke tas. Mangwaro, da yake 'ya'yansa sun zo ƙarshe, sai ya fitar da sabon toho jajaja mai laushi, wanda kan rikiɗe a hankali ya koma kore. Lemun tsami yana da wata ɗabi'a da masu lambu suka sani: idan ya sha ƙishirwa sannan ya sami ruwa, sai ya ɓarke da fararen furanni, ƙamshinsu ya cika gida. Gwaiba ma ta fitar da nata farin furen mai gashi-gashi, alƙawarin 'ya'yan da za a ci a tsakiyar damina zuwa kaka. Rumman ya rataya jajayen furanninsa kamar 'yan fitilu. Zogalen da aka sassare da rani ya tofo ta ko'ina, har a rasa yadda za a yi da ganye. Lalle kuwa, da yawa daga cikinmu ganyensa kawai muka sani a tafin hannun amare, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi da almuru lokacin da yake fure ya san 'yan ƙananan furannin nan nasa sun fi turaruka da yawa na kanti.

A gindin katanga, inda aka ɗauka babu komai, sai a wayi gari albasar kwaɗi ta keto ƙasa. Ta yi wata da watanni a binne, ba ganye ba alama, tana jiran wannan rana, sai ga ta da dogon kara da fure fari mai ratsin ja. Idan gidan yana da tsamiya a ƙofarsa, za a ga sabon ganyenta da 'yan furanninta masu ruwan ɗorawa da ɗigon ja. Kuka ita ma a wannan lokaci take yin ganyen da ake miyar ɗanyen kuka da shi, ta kuma sako manyan furanni farare masu reto a jikin dogon zare. Da daddare suke buɗewa, jemagu su zo shan ruwan zaƙinsu su yi musu barbara, kafin wata rana ta faɗi sun yi yaushi. A tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kaduna da Kano da Zariya kuma akwai bishiyar nan da ake kira filamboyan, wadda kan yi jawur kamar gobara tun cikin zafin bazara, ruwa na zuwa ta shimfiɗa jan furenta a ƙasa, ta sa sabon ganye. Gawo ne kaɗai ke saɓa wa jama'a: kowa na sa tufafi shi yana tuɓewa. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, kuma wannan saɓanin nasa ne ya sa manoma ke son sa a gona, don ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne.

Bishiya ba ta zuwa gida ita kaɗai, da baƙinta take tafe. Kudan zuma na kan furen lemo tun da sassafe, malam-buɗe-littafi na biye da shi idan rana ta ɗaga. Kurciya ta yi sheƙa a reshen mangwaro, baiwar Allah na tsince-tsince a gindin turmi, kanari na rera nasa a saman zogale. Lokaci biyu suka fi dacewa da wannan kallo: bayan sallar Asuba kafin gari ya ɗau hayaniya, da kuma bayan La'asar, musamman ranar da aka yi ruwa aka ɗauke. Ba a bukatar komai sai tabarma ko kujera 'yar tsugunno, da kofin shayi ko kunu, da kuma ƙarfin halin ajiye waya a ɗaki na rabin sa'a. Ban san wani jin daɗi da ya kai wannan araha ba a wannan zamani da komai sai da kuɗi.

Akwai masu ganin cewa son furanni da zama a lambu al'adar Turawa ce da 'yan boko suka kwaso. Tarihi bai goyi bayansu ba. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya zo Kano a watan Fabrairun 1851, ya hau Dala ya hango birnin, abin da ya ba da labari shi ne gidajen ƙasa da bukkoki a cakuɗe da dabino da gwanda da rimi da filaye masu kore. A cikin Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, akwai kurmin itatuwa da ake kira Sheka. Tarihin Jihadi ya nuna cewa a ƙarƙashin itacen faru aka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a a Gudu cikin shekarar 1804. Da mutanen Arewa suka so yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirarin da ya dace da shi, sunan itace suka ɗauko, suka ce Gamji.

Sunayen unguwanninmu ma shaida ne. A Kano akwai Kurna da Ɗorayi da Giginyu da Durumin Iya da Tsamiyar Boka. A Zariya akwai Rimin Tsiwa da Rimin Doko, har masu barkwanci na cewa rimayen Zariya sun fi mutanen Zariya alƙawari, don su ke fara tarar baƙo tun daga nesa. A Kaduna akwai Unguwar Rimi, a Sakkwato akwai Gawon Nama, a Jamhuriyar Nijar akwai garin Magarya. Mutanen da suka riƙa yi wa mazauninsu suna da itace, ba za a ce ba su san darajarsa ba. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, ɗorawa nawa ta rage a Ɗorayi, giginya nawa a Giginyu?

Kakanninmu kuma ba su ƙi baƙon iri ba matuƙar yana da amfani. Mangwaro da zogale daga yankin Indiya suka fito, gwaiba da gwanda daga nahiyar Amurka, filamboyan daga tsibirin Madagaska. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, wasu bedi, wasu maina, ita ma 'yar Indiya ce, kuma a shekarar 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Yau wa zai iya kwatanta Maiduguri ba tare da ita ba? Bugenbiliya, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga da launin ja ko shunayya, daga Kudancin Amurka take, ta kuma ci sunan wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Faransa. Mu ma mun ba duniya namu. Kariya, wannan gajeren itace mai ƙaton gindi da fure ruwan hoda da ke tsirowa a dazuzzukan Sahel, yau ana renon ta a tukwane a Tailan da Taiwan da Amurka, ana sayar da ita da tsada, alhali mu nan wucewa muke yi ba ma ko waiwayen ta.

To, yaya gidajenmu na yau suke? Mutum ya sha wahala ya sayi fuloti. Abin da magina ke fara yi shi ne sare duk itacen da suka tarar, ko da ba ya kan layin gini. A gina ɗakuna har jikin katanga, abin da ya rage na fili a malale shi da siminti ko a jera masa intalok daga ƙofa zuwa bayan gida, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. A ɗaga katanga, a kafa ƙofar ƙarfe, a ce gida ya haɗu. Wanda ya tuna da shuka sai ya jera doguwar bishiyar nan siririya mai kama da mashi, wadda ba ta fure mai ɗaukar ido, ba ta ba da abin ci, inuwarta kuma ta giginya ce, na nesa ka sha. Wani ma furen roba zai saya ya kafa a falo, a riƙa goge masa ƙura. Wannan salo ya fara ne daga manyan birane, amma yanzu ya kai ƙauyuka, inda malale tsakar gida ya zama alamar an samu.

Abin yana da farashi, kuma muna biya. Kankare da intalok suna shan zafin rana tun safe, su riƙe shi, su riƙa sakin sa har tsakar dare, shi ya sa ɗaki kan zama tanda ko bayan rana ta faɗi. Bishiya kuwa aiki biyu take yi: tana tare rana kafin ta taɓa ƙasa da bango, tana kuma jawo ruwa da saiwarta ta fitar da shi ta ganye, iskar da ke kewaye da ita ta yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri sun saba haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma a ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan yanayi, ga wutar lantarki ba tabbas, ga man janareta ya fi ƙarfin talaka, inuwa ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan ceton rai. Haka zancen yake game da ruwa. Ruwan da ya sauka a kan ƙasa yana nutsewa ya ciyar da rijiyoyi. Wanda ya sauka a kan siminti kuwa kwararo yake nufa, na gida dubu ya haɗu a lokaci guda, magudana ta kasa ɗauka. Sai mu yi kukan ambaliya a watan Agusta, mu yi kukan ƙafewar rijiya a watan Maris, ba mu lura cewa kukan biyu uwarsu ɗaya ba.

Wa ya fi ɗanɗana wannan kuɗa? A nan ne nake so magidanta 'yan'uwana su saurare ni da kyau. Maigida ne ke yanke shawarar a malale gida, amma shi ne mafi ƙarancin zama a cikinsa. Da safe ya fita, da yamma ya dawo ya zarce majalisa, wadda galibi a gindin wata darbejiya take. Uwargida da ƙananan yara da tsohuwar da ƙafa ta gaza, su ne ke wuni a tsakar gida. A nan ake girki da wanki da reno, a nan yaro ke rarrafe. Ga mata da yawa a ƙasar Hausa, tsakar gida ita ce dandalinsu, ita ce wurin shan iskarsu. Iyayenmu mata su ne suka riƙa shuka lalle da zogale da ɗoɗɗoya a gefen wurin wanke-wanke, su sami na miya, su sami na kwalliya, har su sayar da rara. Wanda ya binne wannan fili da siminti ba tare da ya tambaye su ba ya ɗauke musu abin da shi bai rasa ba.

Kada kuma a raina abin da kallon kore yake yi wa zuciya. A shekarar 1984 wani masani Ba'amurke, Roger Ulrich, ya wallafa wani bincike a mujallar Science. Ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Fensilbaniya. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Waɗanda ke kallon bishiyoyi sun riga sauran komawa gida da kusan kwana guda, kuma ba su bukaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar sauran ba. Addini ma bai bar wannan fage ba. Aya ta 60 ta Suratun Namli, da ta ambaci saukar da ruwa da tsirar da lambuna, da ƙayatarwa ta siffanta lambunan, wato kyan ganin kansa ni'ima ce da aka lissafa mana. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, sadaka ce a gare shi. Ashe kurciyar da ke cin gwaibarka ba ɓarna take yi maka ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai an daɗe, ita ce ta harshe da sani. A shekarar 1916 wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya wallafa littafi guda a kan sunayen tsirrai da Hausa, ɗaruruwan sunaye da ya tattaro daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Yau duk malamin da ya gwada tambayar ɗaliban birni bambancin kanya da kaɗanya, ko kurna da magarya, ko cediya da durumi, ya san irin shirun da ke biyo baya. Laifin ba na yaran ba ne, ba a sanin sunan abin da ba a taɓa gani ba. Yaron da ya tashi da bishiya a gida yana koyon abubuwan da allo ba ya koyarwa: cewa fure ke zama ɗa, cewa ɗanye ba ya nuna don an matsu, cewa abin da aka ba ruwa shi ke rayuwa. Ina ba iyaye shawara su saya wa yaro ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da aka yi ruwan farko, da ranar da ya fara ganin shamuwa, da ranar da lemo ya yi fure. Kada a ɗauki wannan wasa. A birnin Kyoto na Japan, fadawa da malaman ibada sun riƙa rubuta ranar bikin kallon furen bishiyar sakura tun ƙarni na 9. Da masana suka tattara waɗannan ranaku, sai suka ga cewa cikar furen ta ranar 26 ga Maris, 2021 ita ce mafi wuri, ya zuwa wannan shekarar, a cikin shekara kusan 1,200, abin da ya zama hujja mai ƙarfi a kan ɗumamar yanayi. Masu sha'awar fure ne suka bar wa kimiyya wannan gado.

Masu malale gida suna da dalilansu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Suna tsoron taɓo da macizai da sauro da saiwar da ke fasa gini da sharar ganye. Maganin taɓo shi ne a yi daɓen hanya daga ƙofa zuwa ɗakuna, a bar sauran ƙasa ta sha iska. Maciji duhuwa da tarkace da ɓeraye yake bi, gindin bishiyar da ake sharewa kullum ba wurin zamansa ba ne. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, cikin tsohuwar taya da gwangwani da kwatar da ta toshe, don haka a kula da waɗannan, a kuma riƙa rage rassan da suka yi cunkoso. Batun saiwa gaskiya ne: cediya da durumi da darbejiya da filamboyan ba na jikin bango ko bakin masai ba ne, wurinsu ƙofar gida ko fili mai faɗi. A kuma sare busassun rassa kafin iskar farkon damina, musamman waɗanda ke kusa da wayar lantarki ko rufin maƙwabci. Gidan da ke da ƙananan yara ya yi hattara da tsirrai masu dafi, irin su zaƙami da 'ya'yan bini-da-zugu da ƙaron kariya. Masu cewa tsamiya da kuka matattarar aljanu ce kuwa, sai mu ce su yi addu'a su shuka gwaiba.

Saura masu cewa ba fili, ba ruwa. Gwaiba da lemun tsami da rumman da gwanda da zogale da lalle duk ba su cin wuri, taku biyu ko uku ya ishi kowannensu. Ɗan haya ma yana iya yin nasa a tsohon bokiti ko buhun siminti ko fasasshiyar randa, ranar tashi ya ɗauki abinsa. Wanda ya shuka kuɓewa ko rama ko yakuwa ya shuka fure, domin danginsu ɗaya da furen haibiskos da ake saya da kuɗi, kuma cikin wata biyu kuɓewa za ta ba shi fure ruwan ɗorawa mai jan ciki, sannan ta ba shi miya. Game da ruwa, a gidan da mutum biyar ke alwala sau biyar a rana, abin da ke zuba ya isa ya raya bishiya biyu har ƙarshen rani, in dai an yi dabarar kafa wurin alwalar a gindinsu.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Yanzu ne lokacin dashe, da zarar ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu, don dashen ya sami wata uku ko huɗu yana shan ruwan sama kafin rani. A haƙa rami mai zurfin gwiwa, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar ba tare da an wargaza ƙasar saiwa ba, a dasa da yamma. A kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, a sa ido a kan gara. Babbar bishiya irin mangwaro a ba ta tazarar taku biyar ko shida daga gini, in da hali ta yamma da ɗaki, don ta tare ranar La'asar wadda ta fi gasa bango. Mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, gwanda cikin shekara guda, zogale kuwa reshe kawai za a kafa, kafin kaka an fara kwaɗo.

Gwamnatoci suna ta nasu ƙoƙari. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, Nijar kuma tun 1975 take dashen itatuwa a ranar 3 ga Agusta. Amma babban darasi daga talakawa ya zo. Tun farkon shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato renon tohon kututturan da ke gonakinsu maimakon ƙone su, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Sirrin abin shi ne kowane itace yana da mai shi. Dashen da aka yi a bakin titi don 'yan jarida su ɗauki hoto maraya ne, na tsakar gida kuwa yana da uwa da uba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Zai yi kyau hukumomin tsara birane su sa barin wani yanki na ƙasa da dasa bishiya aƙalla guda cikin sharuɗɗan ba da izinin gini, masu unguwanni da limamai kuma su taya da faɗakarwa.

Kafin hukuma ta motsa, kowa yana da iko da gidansa. Wanda Allah Ya ba bishiya a gida, ya samu lokaci a wannan makon ya zauna a gindinta tare da iyalinsa, ya gaya wa yara sunanta da wanda ya dasa ta. Wanda ya riga ya malale gidansa, ɗaga intalok goma ba zai rushe shi ba. Wanda ke shirin gini, ya ja wa magina kunne tun kafin su ɗauko gatari. Inuwar da muke sha yau wasu ne suka dasa, da yawansu ba su zauna a cikinta ba, kuma na bayanmu za su tambayi abin da muka bar musu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da fari. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.